Mukullan Malama Nana Hauwa

A unguwar Sheshe aka haifi Malama Nana Hauwa Mikail, a wani gida mai zaure biyu can ƙarshen lungu, kuma tun ba ta iya ɗaura zani ba ta san ƙarar tafireta. Mahaifinta, Malam Mikail, marubucin wasiƙu ne. Kullum da hantsi yakan ɗaure tafiretarsa a bayan keke ya tafi gindin wata bishiya kusa da gidan waya, ya shimfiɗa tabarma ya jira masu son aika saƙo ga ɗa a Ikko ko miji a Sudan. Mutum zai tsuguna a gabansa ya zazzage masa cikinsa kaf, shi kuwa ya buga, ya karanta masa, ya liƙe ambulan. Daga nan maganar ta mutu. Ko matarsa ba ta taɓa jin abin da wani ya rubuta wa wani ba, kuma ba don ba ta tambaya ba.

Wannan kamun baki ya sa mutane suka mai da shi wurin ajiya. Takardar gida, takardar gona, wasiyyar da mai ita ba ya son 'ya'yansa su gani tun yana raye, duk suna cikin wata adaka a ɗakinsa. Yana da wata ɗabi'a game da adakar nan. In tafiya ta kama shi, ko ta kwana biyu ce zuwa Wudil, ba ya kulle ɗaki ya bar ta. Sai ya ɗauke ta da kansa ya kai gidan amininsa ya danƙa masa hannu da hannu, don a ganinsa in wani abu ya same shi a hanya, dole a sami mutum mai rai da masu kaya za su tambaya. Ba a rubuta takarda, ba a kiran shaida. Kiran shaida a kan amini zagi ne, kuma duk mutumin cikin birni ya san haka. Nana Hauwa ta tashi tana ganin wannan, ba ta taɓa tunanin akwai wata hanyar riƙe kayan mutane ba.

A kan cinyarsa ta koyi bugun tafireta. Da ta gama kwalejin malamai aka tura ta wata sakandaren 'yan mata a Dukawuya, ta shekara goma sha huɗu tana koyar da bugu a kan tafireta tara, huɗu daga ciki ba su da cikakkun haruffa. Doguwa ce, mai saurin tafiya, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ta auri Malam Sule, mai sayar da littattafai a Kurmi, suka haifi uku. Ba ta tara komai ba, amma in aka ce 'yar Malam Mikail ce ta faɗi magana, ba a sake tambayar kowa.

Ƙawarta ɗaya ce a duniya, Uwani. Rana ɗaya aka kai su makarantar allo, bulala ɗaya ta zane su. Uwani ce babbar ƙawa a bikinta, ita ta kwana bakwai a gidan da Malam Mikail ya rasu, kuma da Nana Hauwa ta haifi 'yarta ta fari Uwani ta yi wa takwara. Uwani gajera ce mai dariya, irin matan da ke shiga gidan suna ba su san kowa ba su fito da labarin kowa. Ba abin da Nana Hauwa ke ɓoye mata, tun daga rigimar dangin miji har zuwa abin da aka faɗa a ɗakin malamai.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, Uwani ta gano abin da aka halicce ta dominsa. Ta zama shugabar mata ta wani ɗan kwangila, Alhaji Isyaku, wanda ke neman kujera a zaɓe mai zuwa. Ita ke raba atamfa, ita ke tara mata, ita ke fara guɗa. A shekarar 2002 ta shawo kansa ya ba makarantar su Nana Hauwa kwamfuta shida da janareta, aka kuma ja musu layin tarho don su shiga intanet. Ranar miƙa kayan an yi jawabi tara a kan kwamfuta shida. Da 'yan hoto suka watse, shugabar makarantar, Hajiya Kulu, wata dattijuwa marar son wasa, ta dubi malamanta ɗaya bayan ɗaya ta ga ba wanda ya san inda ake kunna abin. Sai ta ce, "Malama Nana Hauwa, ke ce mai yatsu. Ga ɗakinki."

Tana da shekara arba'in da ɗaya ta koma ɗaliba. Kullum aka tashi daga makaranta sai ta wuce wani shagon intanet ta zauna tsakanin samari sa'annin ɗanta, da littafin koyarwa a cinya, tana tambaya ba kunya. Wata uku ta yi tana haka. Ranar da ta aika saƙon imel na farko, ga kanta da kanta, ta ga ya iso kafin ta gyara mayafi, sai ta tuna mahaifinta da wasiƙun da ke wata guda a hanya, ta yi hawaye a gaban yaran mutane.

'Yan aji shida ta zaɓa ta fara da su, tunda su ne masu fita. Kwamfuta shida ba ta isar yara talatin da huɗu, don haka ta sa kowace ta zana madannai a kan kwali, ana ta bugu a kan zane har layi ya zo kan mutum. Ta shirya musu darussa yadda take ganin ya dace: yadda ake buɗe akwatin imel, yadda ake sa wa saƙo kanu, a karanta sau biyu kafin a aika domin abin da ya tafi ba ya dawowa, kada a amsa wa wanda ba a sani ba, kuma duk wanda ya rubuto cewa kin ci wata kyauta da ba ki nema ba, ɓarawo ne. Gaisuwa ce ta fi ba ta wahala. 'Yar Kano ba ta iya fara wasiƙa ba tare da ta gaida mutum da iyalinsa da gajiyarsa da ruwan bana ba, sai shafi ya cika ba a zo ga magana ba. Nana Hauwa ta yanke musu layi biyu, suka ce wannan ai rashin tarbiyya ne, aka daidaita a layi uku.

Amma kafin a buɗe wa ko yarinya ɗaya akwati, iyaye suka ce ba su yarda ba. Labarin abin da samari ke kallo a shagunan intanet ya riga ya zaga gari. Nana Hauwa ba ta rubuta wa kowa takarda ba, ta ɗauki mayafi ta bi su gida gida. Wanda ya fi tauri shi ne Malam Jibrin, marini a Ƙofar Mata, mahaifin Shamsiyya, yarinyar da ta fi kowa saurin hannu a ajin. Ta same shi a bakin karofi yana tsoma zane, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Bai tsaya da aikin ba, ya saurare ta har ta kai inda take cewa kowane akwati yana da mukulli, wato wata kalmar sirri wadda in ba da ita ba ba ya buɗuwa.

Ya ce, "To, Malama, wa ke riƙe da mukullin?"

Ta ce, "Ita yarinyar, Malam."

"Ita kaɗai? Akwatin da duk duniya za ta iya jefa mata takarda, ba babba ko ɗaya da ke iya leƙawa? To ba da 'yata ba."

Ta yi bayani har bakinta ya bushe, bai ko ɗago ba. Sai da ta gyara mayafi za ta tafi ya matse zanen ya ce, "Takardar ramukan nan ta shekara ashirin a adakar mahaifinki. Ranar da na je karɓa, ƙullin da na yi wa tsumman da na naɗe ta a ciki shi na tarar. In ke za ki riƙe mukullin, na yarda."

Ta ce, "Na riƙe. Kuma na yi maka alkawari, ba abin da zai fita da sunan Shamsiyya wanda za ka ji kunyarsa."

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kowane zaure, iyaye talatin da huɗu suka yarda a kan wannan sharaɗi. Littafin koyarwar da ke cinyarta kuwa, a shafinsa na farko aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada mutum ya ba kowa kalmar sirrinsa, ko uwarsa. Nana Hauwa ta karanta ta yi murmushi, ta ce waɗanda suka rubuta wannan ba su taɓa zuwa Kano ba. Ta sayi littafin rubutu mai koren bango a shagon mijinta, ta ware wa kowace yarinya shafi, suna a sama, mukulli a ƙasa. Ba ta taɓa buɗe akwatin kowa ba. Littafin dai yana jakarta, jakar kuma tana hammatarta, har wurin alwala.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikinta. Wata yarinya ta rubuta wa yayanta da ke karatu a Masar, amsa ta zo kafin a tashi, ajin ya kaure da ihu har Hajiya Kulu ta fito da sanda. Shamsiyya ta rubuta wa wani falke a Yamai da ke sayen turkuɗi wurin mahaifinta, aka daidaita yawan kaya da ranar zuwa ba tare da kowa ya hau mota ba. Malam Jibrin kuwa ya aiko wa Malama da zane ɗaya wanda ya sha bugu har yana ƙyalli. In wuta ta ɗauke kuma mai ya ƙare a janareta, sai a koma kan kwali, ba wadda ke ƙorafi.

Farkon 2003 zaɓe ya matso. Uwani ta zo makarantar cikin sabuwar mota ta nemi Hajiya Kulu ta ba da 'yan aji shida su sa anko su yi wa Alhaji Isyaku waƙa a wurin gangami. Hajiya Kulu ko kujera ba ta nuna mata ba. Ta ce, "Ki gaya wa Alhaji mun gode da kwamfuta. Amma kwamfuta ya ba mu, bai sayi 'ya'yan mutane ba. Yaran nan jarrabawa gare su." Uwani ta yi dariya ta ce ba komai, Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ta fito ta biya ɗakin ƙawarta ta sha ruwa, suka yi hirar ɗinkin salla.

Bayan mako uku ta kawo wa Nana Hauwa takarda. An samo mata gurbi a wani kwas na malaman kwamfuta a Kaduna, kwana goma sha huɗu, masauki da abinci duk an ɗauke mata. Nana Hauwa ta rungume ta. Ba a taɓa tura ta ko'ina ba tun da ta fara aiki.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ta zauna da koren littafin a hannu. Ba ta so ta tafi da shi, don 'yan mata sukan manta kalmarsu, kuma in wani abu ya same ta a hanyar Kaduna akwatuna talatin da huɗu sun rufe ke nan. Malam Sule yana kasuwa wuni guda, yara kuma ba takardar da ba sa yagewa. Ofis kowa na shiga. Ta naɗe shi a kallabi ta nufi gidan Uwani.

Ta ce, "Ƙawa, ga amanar 'ya'yan mutane. In wani abu ya same ni a hanya, ki ba kowace shafinta kawai."

Uwani ta ce, "Kai, Nana, ke da ɗaukar wa kanki kaya. Kawo, Allah ya kai ki lafiya."

Uwani ba ta taɓa roƙon littafin nan ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci wa Nana Hauwa rai daga baya. Ba ta buƙatar roƙo. Ta san da littafin, ta san yadda Malam Mikail ke yi da adakarsa, ta san 'yarsa ba ta da wani hannun da za ta danƙa wa sai nata. Abin da kawai ya rage shi ne a samo wa Nana Hauwa tafiya.

Ta dawo ranar Litinin da takardar shaida a jaka da tsarabar lemo, ta tarar da 'yan aji shida a tsaye cikin rana a bakin ofis, wasu na kuka. Cikin kwanakin da ba ta nan, saƙonni talatin da huɗu sun fita daga akwatunan yaran zuwa hukumar da ke kula da makarantu da kuma wata jarida. Kowane saƙo yana cewa Hajiya Kulu na kwasar ɗalibai zuwa gidanta su yi mata wanki da daka, tana zagin iyayensu, a taimaka a cire ta. Jaridar ta buga uku da cikakkun sunaye, na farko Shamsiyya Jibrin, Ƙofar Mata. Hukuma ta turo kwamiti na mutum uku. Kwamitin bai sha wahala ba wajen gano ƙarya ce, domin Hajiya Kulu ko ruwa ba ta aiken ɗaliba ta ɗebo mata. Sai magana ta juyo kan yaran. Sun rantse ba su rubuta ba, kwamiti ya ce akwati ba ya buɗuwa sai da kalmar mai shi. An sa ranar Alhamis za a yanke hukunci, kuma kowa ya san hukuncin: kora, saura mako biyar a fara jarrabawar kammala sakandare.

Nana Hauwa ta karɓi jaridar ta karanta tana tsaye. Gaisuwar da ke kan kowane saƙo ta kai layi takwas. Ta san ba ɗalibarta ko ɗaya da za ta rubuta haka.

Da azahar ta isa gidan Uwani. Tsakar gidan cike da mata ana yanka atamfar anko mai hoton Alhaji Isyaku. Uwani ta taso da fara'a, ta ja ta uwar ɗaka, ta buɗe sif ta ɗauko littafin a cikin kallabinsa.

"Ga kayanki, ƙawa. Ya Kaduna?"

Nana Hauwa ba ta karɓa ba. Ta ce, "Uwani, wa kika ba?"

"Wa na ba me?"

"Don girman Allah kada ki mai da ni yarinya. Ni da ke kaɗai muka taɓa littafin nan."

Uwani ta zauna a bakin gado ta sauke murya. Ta ce, "Nana, ki kwantar da hankalinki. Yara ne, ba abin da za a yi musu, tsoratarwa ce kawai. Tsohuwar nan ta wulaƙanta Alhaji a gaban mutane, kuma da ta tafi mataimakiyarta ta hau, wa kike zaton za a ba kujerar mataimakiya? Don ke ma na yi. In aka ci zaɓe, kwamfuta ashirin zan sa a kawo miki."

"Ranar Alhamis za a kore su."

"To ki yi shiru, bayan zaɓe a mai da su."

"Kafin a mai da su jarrabawa ta wuce su. Na yi wa ubanninsu alkawari da bakina. Ki zo ki gaya wa kwamiti abin da ya faru, ko ki ce wani ne ya ɗauka a ɗakinki ba ki sani ba. Ko wannan na yarda."

Uwani ta dube ta. Dariyar nan ta shekara talatin da biyar ta bar fuskarta, Nana Hauwa ta ga wata mata da ba ta sani ba. Uwani ta ajiye littafin a kan gado, ta ture shi da ɗan yatsa zuwa wajenta, ta ce, "Ni ba ki ba ni komai ba. Wa ya gani?"

Ba wanda ya gani. Nana Hauwa ta ɗauki littafin ta fito ta ratsa matan, wata na ce mata Malama ga naki ankon, ba ta ji ba. A hanya ta zauna a dakalin wani gida da ba ta san na waye ba. Ba fushi ta ji ba a lokacin, fushin daga baya ya zo ya zauna. Abin da ta ji kunya ce, da tunanin cewa 'yarta ta fari za ta amsa wannan suna har ƙarshen ranta.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna a ɗakin kwamfuta, iyaye maza cike da baranda. Kafin a kira yarinya ta farko Nana Hauwa ta miƙe ta ajiye koren littafin a kan tebur.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba su rubuta komai ba. Mukullansu duka suna cikin wannan littafi, ni na karɓa na rubuta. Da zan yi tafiya na ba wata ajiya, ita ta sa aka yi wannan aiki."

Shugaban kwamitin, wani mai furfura da tabarau, ya buɗe littafin ya yi ta juya shafuka. Ya ce, "Malama, ke da ya kamata ki koya musu kada su ba kowa, ke kika tara? Wa kika ba?"

Ta faɗi sunan Uwani, ta faɗi wanda take yi wa aiki. Alƙalamin mutumin yana tafiya, da ya ji suna na biyu sai ya tsaya. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, ya rufe alƙalamin.

"Kina da shaida? Takarda, ko wanda ya ga kin ba ta?"

"Ƙawata ce, ranka ya daɗe."

"Malama, tambayarki na yi ko kina da shaida."

"Ba ni da ita."

Ya ce waɗannan sunaye ba sa cikin binciken da aka ba su, kuma a Kaduna ma akwai shagunan intanet. Abin da ke gabansu shi ne littafi ɗaya da rubutun hannu ɗaya. Ya tambaye ta ko ta yarda a rubuta cewa alhakin duk abin da ya fita daga akwatunan nan yana wuyanta, domin in ta yarda ba sauran dalilin korar ɗalibai. Ta fahimci abin da ake saye da abin da ake sayarwa. Ta leƙa ta taga ta hango Malam Jibrin a tsaye a baranda, ya sa farar riga, ya ɓoye hannuwansa a baya. Ta ce ta yarda, ta sa hannu.

Yara talatin da huɗu suka zauna jarrabawa a shekarar. Rahoton kwamiti ya ce Malama Nana Hauwa Mikail ce ta yi amfani da akwatunan ɗalibanta don ɓata sunan shugabarta, aka rage mata mataki, aka tura ta wata makarantar ƙauye da ba a kai wa wuta ba. Hajiya Kulu ta kira ta ofis ta ce, "Ban ce ke kika rubuta ba, ban kuma ce ba ke ba ce. Allah ya sani." Wannan ya fi rahoton zafi. Alhaji Isyaku ya ci zaɓe, Uwani ta tafi Makka a shekarar, ta aiko da dabino da tasbaha, Malam Sule ya mayar da su da kansa. Nana Hauwa ta shekara goma sha ɗaya tana hawan motar haya zuwa ƙauyen nan tana koyar da bugu a kan kwali har ta yi ritaya. In sun haɗu da Uwani a gidan rasuwa takan amsa sallama, domin sallama haƙƙi ce, daga nan ba ta ƙara kalma. A Sheshe har gobe akwai masu cewa ita ta yi, akwai masu cewa ba ita ba ce, kuma ta daina gyara wa kowa.

Kafin ta bar Dukawuya an ba ta rana ɗaya ta miƙa ɗaki. Ta sayi mai da kuɗinta ta tada janareta, ta tara 'yan aji shida. Ta yage wa kowace shafinta ta ba ta a hannu, sannan ta nuna musu a allo yadda ake sauya kalmar sirri. Ta ce, "Kowace ta zaɓi sabuwa, ta riƙe a ka. Kada ki rubuta, kada ki faɗa wa ƙawarki, kada ki faɗa mini. Abin da ya kamata in koya muku tun ranar farko ke nan, ni na ɓata." Ta fita ta ja ƙofa ta tsaya a baranda ta ba ɗakin baya, suna shiga shida shida.

Da aka gama suka fito suna yi mata sallama, wasu na share ido. Shamsiyya ta tsaya har kowa ya wuce. Ta matso ta ɗan rusuna, ta miƙo wata 'yar takarda da aka ninke sau huɗu.

"Malama, ga nawa sabon. Baba ya ce in kawo miki. Ya ce in gaya miki shi bai sauya magana ba, in ke za ki riƙe ya yarda, in ba ke ba kuma in bar akwatin."

Nana Hauwa ta dubi takardar. A duk cikin birnin nan, bayan mijinta, mutum ɗaya ke nan da ya aiko ya ce ya yarda da ita, kuma ta san in ta ƙi karɓa Shamsiyya ba za ta sake zama gaban kwamfuta ba muddin tana gidan ubanta. Ta so ta karɓa. Hannunta ya ɗago kaɗan, sai ta ji ba za ta iya ba, ta mai da shi cikin mayafi.

Ta ce, "Ki gaida Malam, ki ce na gode, Allah ya saka masa. Ki ce masa ya yi haƙuri, ni ba na riƙe wa kowa komai kuma."

Shamsiyya ba ta janye hannunta ba. Tana nan tsaye da takardar a miƙe har Malama Nana Hauwa ta kashe janareta, ta kulle ɗakin, ta wuce ta gabanta zuwa ofis.